Gansakuka da Danginta: Ƙananan Halittun da ke Girki da Hasken Rana

Duk wanda ya tashi a Katsina ko Daura ya san gansakuka tun yana ƙarami. Ita ce koren yauƙin nan da ke kama dakalin rijiya har mai jan guga ya riƙa dasa ƙafa a hankali don kada santsi ya kwashe shi, ita ce ke shimfiɗa tabarma a kan kududdufi da zarar damina ta ja da baya, kuma ita ce 'yan garuwa ke kankarewa da yashi a cikin jarka idan ta kwana biyu ba a wanke ba. Ba mu ɗauke ta a bakin komai ba face ƙazanta, kuma a cikin randa ko jarka lalle ƙazantar ce. Sai dai wanda ya tsuguna a bakin kududdufi da hantsi, ya ƙura wa tabarmar ido, zai ga wasu ƙananan ƙwayoyin iska kamar tsabar gero sun maƙale a tsakanin zarurrukanta, suna ƙaruwa yayin da rana ke ɗagawa, har su taso da ita saman ruwa. In ya dawo da asuba zai tarar yawancinsu sun ɓace, tabarmar ma ta ɗan nutse. Waɗannan ƙwayoyi iskar oksijin ce, wadda numfashin mutum da dabba ya dogara a kanta, kuma gansakukar ce ta samar da ita a cikin 'yan sa'o'in nan.

Kafin a yi nisa ya kamata a raba aya da tsakuwa. Kalmar gansakuka a bakin Bahaushe buhu ce da ta haɗiye halittu iri-iri, waɗanda a wajen masana nisan da ke tsakanin wasunsu ya fi nisan da ke tsakanin akuya da bishiyar kuka. Kashi na farko bakteriya ne, dangin ƙwayoyin nan da muka fi saninsu da haddasa cuta, amma su waɗannan da hasken rana suke rayuwa, kuma ana kiran su sayanobakteriya saboda launinsu da ke tsakanin shuɗi da kore. Kashi na biyu su ne waɗanda masana ke kira algi, masu ginin jiki irin na tsirrai duk da cewa ba su da saiwa, ba su da jijiyar jan ruwa, ba sa fure. A cikinsu akwai masu ƙwaya ɗaya tak da ido ba ya gani, akwai masu zare irin na kududdufi, akwai dayatom waɗanda kowace ƙwayarsu ke zaune cikin ɓawo na sinadarin gilashi, akwai kuma ciyawar teku da tsawon wasu daga cikinta kan haura mita 40. Kainuwa da bado da kachalar da ta addabi dausayin Haɗeja da Nguru ba sa cikin wannan lissafi, domin su cikakkun tsirrai ne masu saiwa da ganye da fure.

Abin da ya haɗa waɗannan halittu sana'a ce, wadda a kimiyyance ake kira fotosintesis, wato haɗa abinci da hasken rana. Koren sinadarin da ke jikinsu, mai suna kulorofil, yana kama hasken, da ƙarfin hasken ake fasa ƙwayar ruwa gida biyu, a riƙe sashe ɗaya a haɗa shi da iskar kabon dayoksaid a samu sukari, ɗaya sashen kuma, wato oksijin, a sake shi ya fita. Ke nan oksijin a wurinsu saura ne da ake zubarwa bayan an gama girki. Gero da dawa da zogale duk wannan aiki suke yi, amma akwai bambancin da a kansa dukan maganar nan ta rataya. Bishiyar kuka tana kashe mafi yawan abin da ta samu wajen gina gangar jiki da rassa da ɓawo da saiwa, waɗanda ba sa girka komai, ci kawai suke yi. Ƙwayar gansakuka kuwa jikinta gaba ɗaya madafa ne, ruwa ne ke ɗauke da ita, abincinta yana kewaye da ita, saboda haka abin da ta samu a haihuwa take zuba shi. Idan hali ya yi, takan rabu biyu a yini guda, kuma wanda ya yi lissafin ninki zai ga cewa ƙwaya ɗaya a kwana 20 ta haura miliyan 1. Wannan saurin hayayyafa shi ne tushen amfaninta, kuma shi ne tushen haɗarinta.

Masu nazarin duwatsu sun nuna cewa a farkon zamanin duniya iskar sama ba ta da oksijin da za a ambata. Sayanobakteriya ne, cikin ikon Allah, suka fara wannan girki mai fitar da oksijin, kuma sun daɗe suna yi ba tare da iskar ta taru ba, domin narkakken ƙarfen da ke cikin teku yana haɗiye ta, ya yi tsatsa, ya kwanta a ƙasan ruwa sahu-sahu. Waɗannan sahu-sahun tsatsa su ne manyan ma'adinan ƙarfe da ake haƙa yau a Ostareliya da Barazil, wato ƙarfen rodi da na garma yana da alaƙa da aikin gansakukar farko. Kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce oksijin ya fara taruwa a sararin sama, daga gare shi kuma aka samu rufin ozon da ke tare mugun hasken rana, wanda ba don shi ba da rayuwa a kan tudu ta gagara. Har yanzu a gaɓar Shark Bay da ke yammacin Ostareliya ana ganin wasu dunƙulallun duwatsu masu kama da turmin da aka kifa, waɗanda sayanobakteriya masu rai ke ginawa a hankali, irin ginin da kakanninsu suka bari a tsofaffin duwatsu.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. A cikin kowane koren ganye akwai ƙananan ɗakunan girki da ake kira kulorofilas, kuma an gano cewa suna da nasu kundin gado, wato bayanan halitta da ake gada daga iyaye, daban da na tsiron da suke ciki, suna rabuwa biyu kamar yadda bakteriya ke yi, kundin nasu kuma ya yi kama da na sayanobakteriya ƙwarai. Wani masani ɗan Rasha, Konstantin Mereschkowski, ya kawo ra'ayin a 1905 cewa asalinsu sayanobakteriya ne da suka tare a cikin wata ƙwayar halitta suka zama 'yan gida. Ba a saurare shi sosai ba sai da Lynn Margulis ta Amurka ta farfaɗo da maganar a 1967, binciken kundin gado kuma ya tabbatar da ita daga baya. Ganyen kukar da ake miya da shi da yauƙin bakin rijiya, a wannan fuska, madafarsu iri ɗaya ce.

A teku ne aikin ya fi girma. Ƙananan masu girkin da ke yawo a saman ruwa, iya zurfin da haske ke kaiwa, in an auna nauyinsu duka ba su kai kashi 1 cikin 100 na nauyin tsirran duniya ba, amma kusan rabin dukan fotosintesis da ake yi a duniya su ke yin sa. Wannan lissafi yakan ɗaure kai sai an tuna da mai tuyar ƙosai. Duk lokacin da aka leƙa farantinta 'yan ƙwayoyi ne a kai, domin ana kwashewa tana zubawa, amma in an ƙirga abin da ya bi ta farantin daga asuba zuwa hantsi sai a ga ya cika kwando. Daji rumbu ne da ke ajiye dukiyarsa shekara da shekaru, teku kuwa farantin ƙosai ne, domin cikin kimanin mako guda ake cinye masu girkinsa wasu su maye gurbinsu. Dayatom kaɗai ana ƙiyasta cewa suna yin kusan kashi 20 cikin 100 na girkin duniya. Wadda ta fi kowa yawa a cikinsu kuwa, wata sayanobakteriya mai suna Furokulorokokas, ba a ma san da ita ba sai a 1986 da Sallie Chisholm da abokan aikinta suka gano ta, suka wallafa a 1988. Faɗinta bai kai kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba, kuma a wasu sassan teku ɗigon ruwa guda yana ɗauke da dubbanta. Raina kama ka ga gayya.

A nan akwai gyaran da ya kamata a yi wa wata magana mai yawo, cewa rabin numfashin da mutum ke shaƙa daga teku yake fitowa. Gaskiya ne cewa teku na samar da rabin oksijin da ake yi a shekara, amma mafi yawansa a can ake cinye shi, domin kifaye da ƙwari da bakteriyar da ke ruɓar da matattu duk numfashi suke yi. Oksijin da ya kai kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa tari ne na miliyoyin shekaru, kuma ya taru ne saboda wani ɗan ƙaramin kaso na gawarwakin masu girkin yakan nutse ya binnu a laka kafin ya ruɓe, sai oksijin da ya kamata ruɓewar ta cinye ya saura a sama. Wannan binnannen kaso ne zafi da nauyin ƙasa suka dafa har ya zama mafi yawan ɗanyen man fetur na duniya. Amfanin da teku ke ba mu yau da gobe abinci ne: ƙananan ƙwarin ruwa su ci masu girkin, ƙananan kifaye su ci ƙwarin, manya su ci ƙananan. Kifin gwangwani da ɗanyen kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwar Katsina, daga nan kitsensu ya faro, kuma ba banza ba ne gaɓar Muritaniya da Maroko da Senegal ke da arzikin kifi, domin a can ruwan ƙasan teku mai taki yana tasowa sama inda haske yake.

Mai karatu na iya cewa Katsina ina, teku ina. Amsar tana sauka a kan tabarmarsa kowane hunturu. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda kimanin shekara 7,000 da suka wuce shi ne wuri mafi zurfi na wani makeken tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 350,000, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne. Dayatom sun rayu a wannan ruwa tsawon dubban shekaru, suna mutuwa ɓawonsu na kwanciya, har ya zama farar ƙasa mai kauri, maras nauyi kamar garin alli. Da tafkin ya ƙafe, sai iskar arewa maso gabas da ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi ta samu abin ɗauka, har Bodele ya zama wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, kusan kwana 100 a shekara. Wannan ƙura tana cikin hazon da ke rufe mana rana a watannin Disamba da Janairu, ya hana jirgi sauka, ya tsattsage leɓe, ya bar farin gari a kan ganyen mangwaro. Wanda ya shafo ƙurar da ta kwanta a gilashin mota ya sa a madubin ƙara girma zai iya cin karo da gutsattsarin ɓawon dayatom, masu ƙananan ramuka a jere kamar rariya.

Hazo yana kawo mura da ciwon ido, wannan ba a musu. Amma yana ɗauke da fosfaras da ƙarfe da wasu sinadaran da shuka ke buƙata, shi ya sa masu lissafin abin da ke shiga gonakin ƙasar Hausa da abin da ke fita sukan sa ƙurar hunturu a sahun taki. Wadda ba ta sauka a nan ba takan haye Tekun Atilantika. Wani bincike na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara kowace shekara, kimanin tan miliyan 27.7 na sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka ɗauke da fosfaras kusan tan 22,000, wanda ya yi kusa da abin da ruwan sama ke wankewa daga ƙasar dajin. Wadda ta faɗa teku a hanya kuma ƙarfenta taki ne ga masu girkin da ke raye a can. Matattun gansakukar wani tafki da ya ƙafe suna ciyar da rayayyun gansakukar teku, suna kuma ratsawa ta kan Daura a hanyarsu.

Su ma masu ran ba a ruwa kaɗai suke ba. Baƙin zanen da ke bin bangon siminti a ƙarƙashin indararo bayan damina yawancinsa sayanobakteriya ne, baƙin kuma wani launi ne da suke yi wa kansu laima da shi daga zafin rana. A saurar da ta shekara biyu ko uku ba a noma ba, idan aka duba tsakanin ciyayi, akan ga wani siririn ɓawo mai duhu a kan rairayi, wanda in an sa farce aka ɓamɓaro sai ya taso kamar ƙanzo, ƙwayoyin yashi na reto a ƙarƙashinsa da wasu zarurruka da ƙyar ido ke gani. A rani kamar matacce yake, amma in aka yayyafa masa ruwa, kafin a jima sai duhun ya fara komawa kore. Zarurrukan suna fitar da yauƙi kamar na kuɓewa wanda ke ɗaure yashi, ya hana iska kwashe shi. An ƙiyasta cewa irin wannan ɓawo mai rai ya rufe kusan kashi 12 cikin 100 na tudun duniya, kuma an yi nazarinsa sosai a saurukan yammacin Nijar, waɗanda ƙasarsu jigawa ce irin tamu. Ya bambanta da faƙo, wanda dukan ruwa da zaizaya ke haifarwa kuma ba ya da rai. Yana da nasa cikas, domin a wasu wurare yakan rage shigar ruwa cikin ƙasa ya sa ya gangara, kofato da garma kuma suna farfasa shi cikin yini guda alhali gyaruwarsa sai an shekara da shekaru.

Babban abin da wannan ɓawo ke bai wa ƙasa shi ne naitirojin, sinadarin da manomi ke saye da tsada a buhun yuriya. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cin sa a haka. Manomanmu sun san cewa gonar da aka yi wake ko gyaɗa takan yi wa gero kyau a shekara mai zuwa, dalilin kuwa bakteriyar da ke cikin ƙulullutan saiwarsu ce ke kamo naitirojin daga iska. Wasu sayanobakteriya, irin su Nostok da Anabina, suna wannan aiki ba tare da sun jingina da saiwar kowa ba. Matsalarsu ita ce sinadarin da ke kamun ba ya jure oksijin, su kuwa oksijin suke fitarwa, sai aka hore musu wata dabara: a jikin zaren akan ware wasu ƙwayoyi masu kaurin bango waɗanda ba sa fitar da oksijin, aikinsu kamun naitirojin kawai, maƙwabtansu na ba su sukari suna karɓar taki. Manoman shinkafa a Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna renon wani ɗan tsiron ruwa mai suna Azola a fadamunsu saboda Anabinar da ke zaune a ganyensa. A Sin ɗin kuma, a yankin Shapotou da ke bakin hamadar Tengger, masu bincike suna renon sayanobakteriya su fesa a kan rairayi don ɓawon ya kafu da wuri. Katsina na cikin jihohi 11 na sahun gaba a shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada, kuma a ganina duk maganar tsayar da hamada da ta tsaya a ƙirga itatuwa, ba ta kula da abin da ke riƙe yashin da ke tsakaninsu ba, ta bar rabin aiki.

Akwai ma inda ake cin ta kai tsaye. A yankin Kanem, gabas da Tafkin Chadi, matan Kanembu suna kwasar wata sayanobakteriya daga tafkunan kanwa, su tace, su zuba a ramin yashi mai tsabta rana ta busar, su yayyanka kamar ƙuli-ƙuli su kai kasuwa, ana miya da ita a ci da tuwon gero. Sunanta dihe a wurinsu. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar birnin da yanzu ake kira Njamena a tsakiyar shekarun 1960, bincike kuma ya nuna cewa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na busasshiyarta furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Ita ce yau ake sayarwa a kantunan magani da sunan sifirulina. Abin da ya sa ta fi aminci shi ne ruwan kanwa ya yi kaifin da 'yan halittu kaɗan ne ke iya zama a cikinsa, don haka kusan ita kaɗai ke fitowa. Kada wani ya auna ta da koren kududdufin unguwarsu.

Masu kiwon kifi a tafkin ƙasa su suka fi kowa sanin cewa maganar gansakuka maganar gwargwado ce. Mai kiwon karfasa da gangan yake jiƙa buhun kashin kaji a ruwa don ruwan ya yi kore, domin koren abincin kifin ne, kuma yana rage kuɗin abincin kanti. Awon da ake yi ba ya buƙatar na'ura: mutum ya tsoma hannu har gwiwar hannu, in yana ganin tafinsa sarai ruwan bai ƙoshi ba, in kuwa tafin ya ɓace tun ruwa bai wuce wuyan hannu da nisa ba, koren ya yi yawa, sai a daina zuba taki a sauya wani sashe na ruwan. Dalilin tsoron yawan shi ne mai girki da rana mai numfashi ne da dare. Oksijin yakan cika ruwan da la'asar, daga faɗuwar rana kuma kowa ci yake yi babu mai samarwa, har ya kai ƙarshen ƙarancinsa da asuba. Shi ya sa idan kifi zai mutu a tafki yawanci da sassafe ake tarar da shi ya taso yana haɗiyar iska, musamman bayan yinin da hadari ko hazo ya rufe rana. Tarwaɗa takan jure saboda tana iya shaƙar iskar sama, karfasa kuwa ba ta da wannan gata.

Abin da ke faruwa a ɗan tafkin kifi shi ne ke faruwa a dam, sai dai a can babu mai sauya ruwa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma an gwada wannan a aikace. A 1973 wani masani, David Schindler, ya raba wani tafki a Kanada gida biyu da labulen roba, ya zuba wa ɓangarorin biyu kabon da naitirojin, ya ƙara wa ɗaya fosfaras. Ɓangaren da ya samu fosfaras ya koma kore shar kamar miyar kuka, ɗayan kuwa bai sauya sosai ba. Tun daga nan aka gane cewa a ruwan daɗi fosfaras ne yawanci ke riƙe da linzami, naitirojin na biye da shi. Idan taki ya haɗu da zafi da ruwan da ba ya gudu, lissafin ninkin nan sai ya fara aiki. Koren ya rufe sama ya hana na ƙasa haske, ya mutu, bakteriya su ruɓar da shi su shanye oksijin, kifi ya bi. A bakin Kogin Misisifi, inda takin gonakin Amurka ke gangarawa teku, yankin da oksijin ya ƙare a ƙasansa ya kai kusan murabba'in kilomita 22,700 a 2017, wato ya kusa faɗin Jihar Katsina.

Mafi muni shi ne wasu sayanobakteriya suna da guba. Tun a 1878 George Francis ya ba da rahoton mutuwar tumaki da dawakai da wasu dabbobin gida da suka sha daga Tafkin Alexandrina a Ostareliya. Wadda ta fi yaɗuwa a ruwan daɗi ita ce Maikurosistis, gubarta kuma hanta take kamawa. A 1996 a garin Caruaru na Barazil fiye da mutum 50 masu wankin ƙoda suka rasu saboda an yi musu aiki da ruwan da ke ɗauke da ita. A watan Agusta na 2014 an hana kusan mutum 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo har kusan kwana 3, a 2020 kuma hukumomin Botsuwana sun danganta mutuwar giwaye fiye da 300 da irin wannan guba a tafkunan da suke sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa gubar Maikurosistis iyakar mikirogiram 1, wato kashi 1 cikin miliyan na giram, a kowace litar ruwan sha na yau da kullum. Abin da ya kamata kowace uwar gida ta sani shi ne tafasa ruwa ba ya kashe wannan guba, hasali ma yana fasa ƙwayoyin gubar ta fito. Alam yana kwantar da ƙwayoyin da ba su fashe ba, amma ba ya cire gubar da ta riga ta narke, wannan sai da gawayi na musamman ko kulorin da aka auna daidai a matatar ruwa. Watsa maganin kashe gansakuka a kan ruwan da ya riga ya yi kore shi ma fasa ƙwayoyin yake yi gaba ɗaya.

Jihar Katsina da ruwan dam take rayuwa: Ajiwa da birnin Katsina ya daɗe yana sha, Zobe a Dutsin-Ma, Jibiya, Sabke da Daberam a ƙasar Daura, Mairuwa a Funtuwa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, ruwa ya ja baya, abin da ke cikinsa ya ƙara kauri. A daidai lokacin ne noman rani ke kan ganiyarsa a bakin ruwa, ana watsa NPK da yuriya, garken shanu na shiga har gwiwa suna sha suna kashi, ana wanki da wankin babura, ruwan farko na damina kuma ya zo ya share kwatocin gari ya zuba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da laifi ne a kan kansa, kowa abincinsa yake nema, amma haɗuwarsu ita ce girkin da Schindler ya gwada. Rigakafin ya fi magani araha nesa ba kusa ba: a bar zirin ciyawa tsakanin gona da bakin ruwa don ya tare abin da ke gangarowa, a riƙa binne taki a gindin shuka maimakon watsawa, wanda ma ya fi wa manomi riba, a ware wurin wanki nesa da gaɓa, a yi wa dabbobi kwamin sha a waje. Da jami'o'in da ke Katsina da Dutsin-Ma za su riƙa ɗibar ruwan waɗannan madatsu kowane wata a bazara suna aunawa, da an samu kundin da zai nuna sauyi tun bai zama annoba ba. A gida kuwa maganin gansakuka duhu ne, shi ya sa baƙin tanki ya fi fari, randa mai murfi a inuwa ta fi jarkar da aka bari a rana.

Makiyayi da masunci da mai ɗiban ruwa suna iya rarrabewa da abin da ke hannunsu. Maikurosistis tana da ƙananan jakunkunan iska da ke sa ta taso sama, iska kuma ta kora ta ta tara a gaɓar da take busawa zuwa gare ta, inda sau da yawa nan ne mashaya. A sa sanda a ɗago koren. Idan ya biyo sandar zare-zare kamar jiƙaƙƙen gashi, wannan koren algi ne, yawanci ba ya da guba ko da yake yana nuna ruwan ya ƙoshi da taki. Idan kuwa bai kama sandar ba, sai dai ya shafe ta kamar koren fenti, ko ya watse kamar garin kuka a ruwa, to a janye dabbobi da yara daga wannan gefen, kada kuma a ci kayan cikin kifin da aka kama a wurin. Wanda yake son ƙarin tabbaci ya ɗebi ruwan a kwalba mai haske ya ajiye a wuri mai sanyi ya kwana ba tare da an girgiza ba. Da safe, in koren ya kwanta a gindin kwalbar, algi ne. In ya taru a sama ya yi zobe a wuyanta, sayanobakteriya ne, sai a sanar da malamin dabbobi ko ma'aikatan ruwa na yankin, a kuma nemi wata mashayar har sai ruwan ya washe da 'yan makonni.